Kalmar Riƙo a Bakin Jama'a da Kuma a Gaban Alƙali

 

Da kwamitin shirya taro ya nemi mu ce wani abu a bana, mun so mu zame, domin tsohon malamin firamare ba lauya ba ne, ba kuma alƙali ba. Abin da ya sa muka amsa shi ne wata wasiƙa. Tun da muka ajiye alli, fassarar takardu ta zama aikinmu a unguwa. Ran nan da almuru wani dattijo ya yi mana sallama, hannunsa na rawa, ya miƙo wasiƙar lauya da aka aiko masa daga birni. Wani yaro ya riga ya karanto masa kalmar custody a ciki, shi kuwa ya taɓa jin ta a bakin 'yan sanda ranar da suka rufe ɗan maƙwabcinsa, saboda haka ya sakankance ɗaure shi za a yi. Da muka duba, ashe magana ce ta wanda zai riƙe jikokinsa biyu bayan rabuwar 'yarsa da mijinta.

Ba laifinsa ba ne. Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta mai gadi, Turawa kuma suka ɗora mata kaya iri-iri: yaron da ke hannun uwa, da mutumin da ke hannun hukuma, da takardun da ke ajiye a banki, da kayan shaida da ke hannun kotu, duk da ita ake faɗarsu. Bahaushe bai yi wannan rowa ba. Yana da riƙo da reno, da ajiya da amana, da aro da jingina, da kiwo da tsarewa. Abin da ya haɗa su shi ne, abu yana hannunka, ba naka ba ne, akwai kuma ranar da za a ce kawo. Shi ya sa ake ce wa wanda ya hau kujera kafin a naɗa mai ita mai riƙon ƙwarya, kamar wanda aka miƙa wa ƙwarya ya tallafa kafin mai ita ya dawo. Mun zaɓi wannan magana ne saboda babu wanda ta shafa kamar ku mazauna birane. Kusan kowannenku ya bar wani abu nasa a hannun wani a nan gida, da yawanku kuma kuna riƙe da na wani a can.

Bari mu fara da abin da ya tsorata dattijon, tun da shi ne kan sa a buga muku waya da tsakar dare. Wanda 'yan sanda suka kai bayan kanta, riƙonsa aka ba su, kuma tsarin mulkin 1999 ya yi wa riƙon iyaka a sashe na 35. Dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da damar ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne wa'adin kai shi gabanta. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Laifin da hukuncinsa kisa ne yana da nasa tsarin daban. Wanda kuma aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashen ya ba shi diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara abu biyu da ya kamata kowane magidanci ya haddace: ba a kama wani a madadin wani, wato ba a tafiya da uba ko mata don an rasa ɗa ko miji, ba a kuma kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, domin sau da yawa mu ne masu kai ƙarar. Mai hali ya zo hutu daga birni, ya sa a rufe ƙaninsa a kan kuɗin taki, ya koma, ya bar gaba da za ta kai jikoki.

Shi kansa sunan gidan yari tarihi ne. Yari sarauta ce ta mai kula da kurkukun sarki, kuma kurkukun suna hannun En'e har zuwa ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin tarayya ta karɓe su. A 2019 aka sake doka, aka koma ce musu gidajen gyaran hali. Sunan ya yi daɗi, amma fiye da rabin waɗanda ke ciki a faɗin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Idan yaron garinmu ya faɗa ciki a Kano ko Ikko, abin da yake buƙata daga reshen ƙungiya shi ne mutum guda da zai riƙa zuwa kotu duk ranar zama, don a san yana da dangi.

To, mu zo ga riƙon yara, inda al'ada da shari'a suka fi yin hannun riga. A al'adance, da aure ya mutu, ana jiran yaye ne kawai, sai dangin uba su aiko a ɗauki yaro, a ce ai ɗa na uba ne. Mun tashi muna jin haka har muka zaci hukuncin addini ne. Amma littattafan da alƙalanmu suke hukunci da su a mazhabar Malikiyya, wato Risala ta Ibn Abi Zaid da Muktasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, sun raba abin gida biyu. Akwai hadana, wato reno da kwana da wanka da abinci da jinya. Akwai kuma wilaya, wato ikon tarbiyya da karatu da dukiya da aurarwa. Wilaya ta uba ce. Hadana kuwa ta uwa ce, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Idan uwa ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan koma ga kaka ta wajen uwa, daga ita sai 'yar uwar uwa. Sai an ƙare da wannan ɓangare kafin a waiwayi kaka ta wajen uba, shi kuwa uban bayanta yake. A duk tsawon wannan lokaci ci da sha da sutura da magani suna wuyansa gwargwadon ƙarfinsa, ko da rabuwar ba ta yi daɗi ba.

Ba a kuma ba da riƙon haka kawai. Ana duba hankalin mai riƙo da lafiyarsa da amanarsa, da ko gidan da yaron zai zauna yana da tsaro. Namiji ba ya karɓa sai yana da macen da za ta kula da yaron. Wanda ya san uwa ta yi aure ya kuma yi shiru har shekara ta zagayo, ya zubar da damarsa. Akwai kuma wata gaɓa da ta shafe ku kai tsaye: idan waliyyi zai ƙaura ya zauna a wani gari mai nisan abin da malamai suka ƙiyasta da mil 72 ko fiye, hanya kuma da aminci, yana iya tafiya da yaron, sai dai idan uwar ta yarda ta bi. Kano ma ta zarce wannan nisa daga Haɗeja, balle Abuja. Mun san wasu za su ji daɗin wannan. Amma hukuncin na mai ƙaura ne da gaske, kuma alƙali ne ke tantance shi, ba direban da aka turo da mota ba.

Muna faɗar direba ne saboda abin da ya faru a gabanmu. Wata shekara, a tsakiyar zangon karatu, mota ta tsaya a bakin makarantar da muke shugabanta, aka shigo da saƙon wani ma'aikaci cewa a ba da ɗansa da ke aji huɗu, za a wuce da shi birni. Kafin mu gama karanta takardar, sai ga kakar yaron ta wajen uwa ta shigo ba ko takalmi. Ita ta yaye shi, ita ta sa shi makaranta, da kuɗin ƙuli-ƙuli take saya masa littafi. Muka buɗe rajista, a gurbin uba ko mariƙi sunanta ne a rubuce. Muka ce ba za mu miƙa yaro ga kowa ba sai da takardar alƙali. An zage mu ranar, an ce mun raba ɗa da mahaifi. Da aka je kotu, aka bar yaron wurin kakarsa, aka yanka wa uban abin da zai riƙa aikowa duk wata, aka kuma ba shi hutun ƙarshen zango. Abin da bai bar zuciyarmu ba shi ne yadda yaron ya maƙale a bayan allo duk tsawon gardamar, ba wanda ya tambaye shi ko da sunansa.

Irin wannan shari'a kotunan Musulunci ne ke saurarenta, ɗaukaka ƙara kuma tana zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulki ya ba hurumin aure da walicin yara da kyauta da wasiyya da gado. Gwamnatin tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Jigawa kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2021. Ko ta wace ƙofa aka shiga, maslahar yaron ita ce abin dubawa kafin fushin manya.

Akwai wani riƙon da ba ya zuwa kotu, shi ya fi yawa, shi ne kuma muke jin nauyin faɗa. Ana zuwa ƙauye a ce a ba mu wance mu riƙe, za mu sa ta makaranta. Iyaye su yi murna, a yi mata kitso, a sa ta a mota. Bayan shekara biyar ta dawo ta iya wanke-wanke da goyo, ba ta iya rubuta sunanta ba, alhali 'ya'yan gidan da take raka wa makaranta sun kai sakandare. Ba mu ce kowa haka yake ba. A cikin wannan zaure akwai likitoci da injiniyoyi da kawu ko gwaggo suka riƙe har suka zama mutane, mu kanmu a hannun ƙanin mahaifinmu muka shiga kwalejin horon malamai. Amma wanda ya karɓi yarinya da sunan karatu, ya mai da ita 'yar aiki ba albashi, riƙon sakainar kashi ya yi mata, kuma ya sani.

Wani kuskuren kuma na masu kyakkyawar niyya ne. Don kada yaro ya ji bambanci, sai mariƙi ya sa a rubuta sunansa a matsayin uba a takardar makaranta. Mun cika irin waɗannan takardu da hannunmu a da, ba mu ga aibinsu ba. A shari'a riƙo ba ya sauya nasaba, ɗan riƙo kuma ba ya gadon mariƙinsa ta dalilin riƙo. Ranar rabon gado sai yaron da ya tashi yana kiran mutum Baba ya ji an tsallake shi a gaban jama'a, ga takardunsa duka da sunan mamacin. Mai son ya bar masa wani abu yana da hanya biyu: ya ba shi kyauta tun yana raye ya kuma damƙa masa, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Wanda ke riƙe da dukiyar maraya kuwa, Suratun Nisa'i ta umarce shi ya miƙa ta idan yaron ya balaga aka kuma ga hankalinsa, ya kafa shaidu lokacin miƙawar.

Ajiya ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya idan abu ya salwanta ba da sakacinsa ba. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci rumbuna da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da sauransu, mun ji waɗanda suka matsa wa 'yan uwansu sai sun biya buhunan da suka bar musu, alhali su ma masu ajiyar a makarantu suka kwana. Ba su da wannan haƙƙi. Amma wanda ya buɗe buhun ajiya ya ci, ko ya juya kuɗin ajiya a kasuwa, ya zama mai lamuni, ruwa ko wuta ba za su wanke shi ba. Wanda kuma ya karɓa a gaban shaidu, sai ya mayar a gaban shaidu.

Gona ita ce inda za mu daɗe, domin ita ce ke cika kotunanmu. A bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha duka tana hannun gwamna ne a matsayin amana don amfanin jama'a. Abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani, wanda gwamna ke bayarwa a birni, ƙaramar hukuma kuma a karkara. Wato ko mai gonar ma, a idon doka, mariƙi ne. Lokacin da iyayenku suka tafi aikin gwamnati ko na jirgin ƙasa, fadama ba ta da tsada. Mutum yakan ce wa ƙaninsa ko maƙwabci, riƙe ka ci, ba takarda ba shaida, in an yi kaka a aiko masa da ɗan buhun shinkafa. Daga baya aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogi ta sauya, kachala ta toshe wasu hanyoyin, wata fadamar ta bushe, wata ta nutse shekara da shekaru. Injin ban ruwa ya shigo, noman rani na shinkafa da alkama da kayan lambu ya kankama, aka kuma buɗe aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo a 2023. Gonar da aka bayar don kada ta yi saura ta zama dukiya. Mai bayarwa ya rasu, mai karɓa ya rasu, 'ya'yan wannan suna birni, 'ya'yan wancan sun buɗi ido sun ga ubansu yana noma ta. Kowane ɓangare yana rantsuwa, kuma sau da yawa ba wanda yake ƙarya da gangan.

A nan ne hukuncin hauzi yake shigowa. Idan bare ya riƙe gona ko gida shekara 10 yana juya shi kamar nasa, mai shi yana nan, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, ya kuma yi shiru, to ba a sauraren da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi da surukai wa'adin ya fi tsawo, kotunanmu kan kai shi shekara 40, saboda an san kunya da kara kan rufe baki. Hauzi ba ya cin abin da aka bayar aro ko amana ko jingina, komai daɗewa. Ba ya kuma cin haƙƙin wanda ba ya nan. Sai dai kada wannan ya sa ku miƙe ƙafa. Wanda yake zuwa gida kowace Sallah, yana wucewa ta gefen gonar, da wuya ya gamsar da alƙali cewa ba ya nan. Cewa kuma aro ne, mai da'awa ne zai kawo shaida, wanda ya musa rantsuwa kawai ke kansa. Ina shaidun? Dattawan da aka yi abin a gabansu suna maƙabarta, gambar da aka dasa a kan iyaka ruwa ya tafi da ita tun ambaliyar 2001.

Jingina ma haka. A al'ada, wanda ya ba da kuɗi yakan noma gonar har ranar da aka biya shi, malamai da yawa kuwa ba su natsu da wannan ba, domin amfanin abin jingina na mai shi ne, bashin da ya jawo riba kuma an san hukuncinsa. Ga kuma faɗuwar darajar naira: wanda ya jinginar da gona a kan naira 200 a zamanin Shagari, jikansa ya zo da naira 200 yau ya ce a ba shi gonarsa, kowa ya san ba za a rabu da daɗi ba. Shi ma mariƙi yana da nasa haƙƙi da 'yan birni kan manta. Wanda ya shekara 30 yana sassabe, yana zuba taki, yana tare ruwa da buhunan yashi, ya hana makiyayi da maƙwabci cin iyaka, bai kamata a aiko masa da takardar lauya ana gobe shuka ba. A zauna da shi, a ba shi wa'adi ya kwashe amfaninsa, in da hali a yanka masa wani yanki.

Abin da muke roƙon ƙungiya ƙarami ne. Sakatare ya buga takarda mai shafi ɗaya da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da sunan mai abu da na mariƙi, da irin riƙon, aro ne ko haya ko jingina ko amana, da iyakokin gona ta gabas da yamma da kudu da arewa, da abin da za a riƙa bayarwa duk kaka ko da mudu ɗaya ne, domin wannan mudun shi ne shaidar cewa gonar tana da mai ita. Shaidu biyu su sa hannu, zai fi kyau a sami matasa a cikinsu, dagaci ya buga hatimi, a yi kwafi uku. A yi makamanciyarta ga yaron da za a tafi da shi birni, a rubuta makarantar da za a sa shi da lokacin da zai riƙa zuwa ganin gida. Mun san za a ce rubutu tsakanin wa da ƙani rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin.

Dattijon da ya kawo mana wasiƙa bai je kurkuku ba. Mun raka shi wurin alƙali, aka kira uban yaran ya zo daga birni, aka bar su a hannun uwarsu a gidan kakan nasu, tun da ba ta sake aure ba, aka rubuta abin da zai riƙa aikowa. Watan jiya ya zo da kansa ya biya kuɗin makarantar babbar.